Kakar Ƙwallon Najeriya ta 2024/25: Tambayoyin da 'Yan'uwa ke Yi a Legas da Amsoshinsu

A gidajen kallon ƙwallo na Agege da Mile 12 da Idi-Araba, yaro ɗan shekara goma zai lissafo maka 'yan wasan Arsenal tun daga gola har masu zaman benci. Ka tambaye shi wa ya ɗauki kofin Najeriya bana, sai ya yi zuru. Ba laifinsa ba ne, abin da ake kunna masa ke nan. Abin yana damuna, domin kakar 2024/25 kusan a ƙofar gidanmu aka yi ta: zakaran gasar maƙwabcinmu ne a jihar Ogun, ƙungiyar da ta fi ba mutane mamaki ta Legas ce, wasan ƙarshe na kofi kuma a Onikan aka buga shi. Ga tambayoyin da suka fi yawo a majalisu da bakin kasuwa, da abin da zan iya cewa a kansu.

Wai gasa nawa ake bugawa a kaka ɗaya, kuma yaya suke haɗe da juna?

Babbar ita ce Firimiyar Najeriya, wadda ake kira NPFL. Ƙungiyoyi 20 ne, kowace ta kara da kowace gida da waje, wasa 38 ke nan ga kowa. Nasara maki 3, canjaras maki 1. An fara kakar 2024/25 ranar 31 ga Agusta 2024, aka rufe ranar 25 ga Mayu 2025. Ta ɗaya da ta biyu su ke wakiltar ƙasa a Gasar Zakarun Afirka, ta uku ta tafi Kofin Confederation, gasa ta biyu a daraja ta ƙungiyoyin Afirka, huɗun ƙarshe kuma su gangara ƙasa.

Ƙasan shi ne NNL, wadda masu sharhi ke kira gasar 'yan dagaji. A nan ana raba ƙungiyoyi rukuni-rukuni, Kudu da Arewa, saboda nisan tafiya da tsadar mota, sannan takwas da suka yi fice su haɗu a gari ɗaya a fitar da huɗun da za su hau. A ƙarƙashinta akwai NLO ta ƙananan ƙungiyoyin gari da unguwa.

Sai Kofin Tarayya, wanda dattawa har gobe ke kira Kofin Ƙalubale. Shi sili ɗaya ƙwale ne, babba da ƙarami kowa na shiga, ana farawa daga jihohi. Wanda ya ɗauka shi ne na biyun da ke tafiya Kofin Confederation.

To wa ya ci Firimiya?

Remo Stars ta garin Ikenne, ƙarƙashin koci Daniel Ogunmodede. Ta gama da maki 71. Rivers United, wadda Finidi George ke horarwa a lokacin, ta biyo da 64, sai Abia Warriors da 60, sai Ikorodu City da 59. Remo ba ta ma jira ranar ƙarshe ba. Ranar 27 ga Afrilu 2025 ta doke Niger Tornadoes da ci 1-0 a Ikenne, ƙwallon da Olamilekan Adedayo ya ci ana dab da tashi, kofi ya tabbata nata saura wasa uku a kammala. Wannan ne karo na farko a tarihinta, kuma ladan da aka ware wa zakara naira miliyan 200 ne.

Me ya sa ake ta maganar nasarar Remo kamar ba a taɓa cin kofi ba?

Dalili biyu ne, kuma na biyun ya fi shafarmu.

Na farko, yankin Kudu maso Yamma ya daɗe rabonsa da wannan kofi. Tun da Julius Berger ta Legas ta ɗauka a 2000 ba a sake gani ba, shekara 25 ke nan. Yanki ne mai Shooting Stars ta Ibadan, mai tarihin Stationery Stores da ta ci gasar a 1992, amma kofin ya koma yawo tsakanin Aba, Kano, Fatakwal, Inugu, Jos da Uyo.

Na biyu, Remo ba ta gwamnati ba ce. Ta ɗan kasuwa Kunle Soname ce, kuma rabon da ƙungiya mai zaman kanta ta zama zakara tun Ocean Boys a 2006. Yawancin ƙungiyoyinmu gwamnatin jiha ke riƙe da su. In gwamna mai son ƙwallo ne a ga haske, in ya sauka a sauya shugabanni, a sauya koci, a zubar da rabin 'yan wasa, a sake sabon lale. Albashi kan makale, a shiga kaka ba a san wa zai kai ƙarshenta ba. Remo ta bi wata hanya dabam. Ta gina filinta a Ikenne, da masaukin 'yan wasa, da makarantar rainon yara ta Beyond Limits. Ta hau Firimiya ta faɗi, ta sake hawa ta sake faɗi, mai ita bai watsar ba. Da ta dawo a 2021 sai ta yi ta uku, ta yi ta biyu, ta sake yin ta biyu, sannan ta ɗauka. Duk tsawon lokacin ba a yi ta canjin masu horarwa kamar canjin riga ba.

Ni a wurina wannan ne babban labarin kakar. Masu kuɗi a Kano da Kaduna da Sakkwato ba su gaza Soname ba, yara masu ƙafa kuwa ko a filayen unguwa na Fagge da Tudun Wada an ishe mu. Haƙurin gina abu na shekara goma shi ne muke nema. Akwai wanda zai ce ai dukiyar mutumin daga kamfanin caca na Bet9ja take, kuma gaskiya ne, mu ba hanyarmu ba ce. Amma fili da makaranta da biyan albashi a kan lokaci ba sai da kuɗin caca ake yin su ba.

Ita Ikorodu City ɗin nan daga ina ta ɓullo?

Sabuwa ce fil, a 2022 aka kafa ta, kuma kakar 2024/25 ce farkon zuwanta Firimiya. Ta hau ne daidai lokacin da Sporting Lagos ta faɗi, don haka ita kaɗai ta riƙe wa Legas tuta. Duk da sunanta, a Mobolaji Johnson Arena da ke Onikan take buga wasanninta na gida.

Ta fara da ƙafar hagu. Wasanta na farko Kano Pillars ta yi mata 3-0, makonnin farko tana can ƙasan teburi, mutane har sun fara yi mata lissafin komawa inda ta fito. Da Nurudeen Aweroro ya karɓi horarwa sai abin ya juya. Yara ne matasa masu gudu, suna taɓa ƙwallo a ƙasa, ba sa tsoron kai hari, kuma a ƙarshe babu ƙungiyar da ta kai su zura ƙwallo a raga. Katsina United ta sha 6-0 a hannunsu a Onikan, ranar da Katsinawan Legas ba za su so a tuna musu ba. Maki ɗaya tak ya hana su tafiya Afirka.

Malam, mu fa 'yan Pillars ne. Yaya Sai Masu Gida ta kasance?

Ta tara ta yi, da maki 53. Ga ƙungiyar da ta ci gasar sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta kuma kai wasan kusa da na ƙarshe a Gasar Zakarun Afirka a 2009, wannan ba matsayin alfahari ba ne. Sai dai kakar ba ta tafi a banza ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne dawowar Ahmed Musa a Oktoba 2024. Mutumin da ya ci Ajantina ƙwallo biyu a Kofin Duniya na 2014, ya ci Iceland biyu a 2018, ya taka leda a Rasha da Ingila da Saudiyya da Turkiyya, ya dawo ya sa rigar Pillars yana shiga mota zuwa Aba da Uyo tare da yaran da suka taso suna kallonsa a talabijin. Wasansa na farko ya ci Sunshine Stars biyu, aka tashi 2-0. Shehu Abdullahi ma ya dawo gida ya shiga ƙungiyar. Ga kuma kyaftin Rabi'u Ali, wanda Kanawa ke kira Pele, shekaru sun ja amma ƙafarsa a bugun tazara da fenariti ba ta tsufa ba. Wasan da magoya baya za su daɗe suna tunawa shi ne wanda suka bi Rangers, mai riƙe da kofi a lokacin, har Inugu suka doke ta 4-3.

To me ya hana? Rashin ɗorewa. Yau a ci wasa mai wuya, jibi a zubar da maki a inda bai kamata ba, baya kuma tana yoyo. An fara kakar ana buga wasan gida a Katsina, ba a filin Sani Abacha ba, ga kuma tangal-tangal a kujerar koci a tsakiyar kaka. Manyan sunaye na cika fili da 'yan kallo, amma ba su kaɗai ke tara maki 70 ba. Bayan an rufe kaka, a Yuli 2025, gwamnatin Kano ta naɗa Ahmed Musa babban manajan ƙungiyar. Ina masa fatan alheri da zuciya ɗaya, ina kuma fatan a bar shi ya yi aiki, a ba shi shekaru ba watanni ba.

Sauran ƙungiyoyin Arewa fa?

Katsina United, El-Kanemi Warriors ta Maiduguri, Niger Tornadoes, Plateau United, Nasarawa United da Kwara United duk sun tsira, amma babu wadda ta shiga huɗun farko. Abin farin cikin shi ne wanda ya fi kowa cin ƙwallo ɗan Nasarawa United ne, Anas Yusuf, da ƙwallo 18. Adadin da Ahmed Musa ya ci ke nan a kakar 2009/10 yana matashi a Pillars, kafin ya tafi Turai. Tarihin da ba a karya ba har yanzu shi ne 23 na Mfon Udoh, da ya ci wa Enyimba a 2014.

Su wa suka faɗi, su wa suka hau?

Lobi Stars ta Makurɗi, Sunshine Stars ta Akure, Akwa United ta Uyo da Heartland ta Owerri. Uku daga cikinsu, Akwa da Lobi da Heartland, tsoffin zakaru ne. Akwa ta ci gasar a 2021, shekara huɗu kacal kafin faɗuwarta. Lobi ta ci a 1999. Labarin Heartland ya fi ban tausayi: ta faɗi a kakar 2023/24, ta samu dawowa ta gurbin Beyond Limits ta Soname mai Remo, wadda ta cancanci hawa amma doka ba ta yarda mutum ɗaya ya mallaki ƙungiya biyu a gasa ɗaya ba, aka ɗauko Emmanuel Amuneke ya horar da ita, duk da haka ta sake faɗuwa.

Waɗanda suka hau daga wasannin da aka yi a Asaba su ne Warri Wolves, Wikki Tourists ta Bauchi, Kun Khalifat ta Owerri da Barau FC ta Kano, ƙungiyar Sanata Barau Jibrin. Ma'ana Kano ta samu ƙungiya biyu a Firimiyar kakar 2025/26.

Kofin Tarayya fa, wa ya ɗauka? Kuma me ya sa dattawa ke girmama shi haka?

Kwara United ta Ilori ce ta ɗauka, karo na farko a tarihinta, ranar 28 ga Yuni 2025 a Onikan. An tashi babu ci tsakaninta da Abakaliki FC, aka je bugun fenariti ta ci 4-3. Kocinta Tunde Sanni ne, kuma a wasan kusa da na ƙarshe Rangers ta fitar.

Amma Abakaliki ce ta sa kofin ya yi armashi. Ƙungiya ce ta NNL daga jihar Ebonyi, wadda a hanyarta ta kayar da manya, ciki har da Enyimba mai kofin gasa tara, sannan ta fitar da Ikorodu City da fenariti a wasan kusa da na ƙarshe. Da ba don haka ba, da Ikorodu ta buga wasan ƙarshe a filinta. Daɗin sili ɗaya ƙwale ke nan, minti 90 na tsare gida da gola mai sa'a sun isa su kunyata mai kuɗi.

Girman da dattawa ke ba shi kuwa na tarihi ne. Ya girmi gasar lig nesa ba kusa ba. A 1945 aka fara shi a nan Legas da sunan Kofin Gwamna, tun zamanin Turawa, kuma a wannan fili na Onikan aka riƙa buga wasannin ƙarshe na farko. Shekarun farko ƙungiyoyin ma'aikatun Legas ne ke ɗauka, irin su Marine da Railway. Ƙungiyar farko daga wajen Legas da ta ƙwace shi ta Kano ce, a 1953. Duk Bahaushen da ya zauna a kujerar Onikan ya kamata ya san haka. Daga baya El-Kanemi ta ɗauka a 1991 da 1992, Pillars ta ɗauka a 2019 a Kaduna bayan doke Niger Tornadoes da fenariti, sannan El-Kanemi ta sake ɗauka a 2024, a Onikan ɗin dai, da ci 2-0 a kan Abia Warriors, alhali daga NNL ta buga kakar. Tun 2024 sunansa a hukumance Kofin Tarayya na Shugaban Ƙasa.

A gasannin Afirka mun taɓuka wani abu?

Kaɗan ne, kuma abin takaici ne. Remo ta fita tun zagayen farko na Gasar Zakarun Afirka a hannun AS FAR ta Maroko. Rangers ta tsallake zagaye ɗaya, Sagrada Esperança ta Angola ta cire ta. El-Kanemi ta faɗi a hannun Dadje ta Jamhuriyar Benin. Enyimba ce kaɗai ta kai matakin rukuni a Kofin Confederation, inda ta haɗu da Zamalek da Al Masry na Masar da Black Bulls ta Mozambik, ba ta kuma wuce nan ba. Tun da Enyimba ta ɗauki Kofin Zakarun Afirka a 2003 da 2004 babu ƙungiyar Najeriya da ta sake ɗauka.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. A 2024 an shiga wasannin share fage a watan Agusta kafin gasar gida ta kankama, ƙafafu ba su warware ba. Ɗan wasan da ya haskaka bana, baɗi yana Tanzaniya ko Arewacin Afirka ko wata ƙaramar gasa a Turai, saboda can ne albashi. Filaye da yawa kuma ba su cika sharuɗɗan hukumar ƙwallon Afirka ta CAF ba, sai ƙungiya ta buga wasan gida a garin da ba nata ba.

Gaskiya ne a gasar Najeriya ba a cin wasa a waje?

An rage, amma ba a rabu ba. Duba lissafi: maki 114 ne a ƙasa ga mai cin duk wasanninsa, zakara ya tashi da 71. Mafi yawan abin da ya zube a waje ya zube. Wani ɓangaren dalilin na halal ne. Ƙungiyar da ta taso daga Maiduguri zuwa Legas ko Yenagoa a mota ta kwana biyu a hanya, ta sauka a gajiye, ta tarar da fili da yanayin da ba ta saba ba. Wani ɓangaren kuma abin kunya ne: matsa wa alƙalin wasa, jifa, kutsawa cikin fili. A kakar nan hukumar gasar ƙarƙashin Gbenga Elegbeleye ta ci tarar ƙungiyoyi, ta zabtare wa wasu maki, ta kori wasu daga filayensu. Ina goyon bayan hukuncin ko a kan wa ya faɗa, har da ƙungiyar da nake so. Mai jifan alƙali ba masoyin ƙungiya ba ne, shi ke jawo mata asarar makin da yara suka sha wuya a kai.

Mata fa suna da tasu gasar?

Suna da ita. Bayelsa Queens ce ta ci Firimiyar mata. Kofin Tarayya na mata kuma Rivers Angels ta ɗauka bayan ta doke Nasarawa Amazons da fenariti, rana ɗaya da wasan maza, a Onikan.

Ina son in je Onikan kallo. Yaya zan yi?

Filin yana Tsibirin Legas, kusa da Dandalin Tafawa Balewa, wato TBS, da gidan tarihi na ƙasa, a bakin ruwa. Daga Obalende da ƙafa ma za ka isa. In daga Mile 12 ko Ketu kake, motar BRT mai zuwa TBS ta ishe ka. Na Agege zai iya hawa jirgin ƙasa na Red Line zuwa Oyingbo in ranar yana aiki, daga nan ya hau mota zuwa Obalende ko CMS. Na Alaba Rago kuma ya fara zuwa Mile 2, daga nan ga jirgin Blue Line zuwa Marina.

Yawancin wasanni da ƙarfe huɗu na yamma ake take su, galibi ranar Lahadi, sai dai wanda aka matsar saboda talabijin. Don haka ka fito da wuri, ka yi alwala ka tsara La'asar ɗinka kafin ka shige, domin in an shiga fita tana da wuya. Filin ƙarami ne, ciyawarsa ta roba ce, kujeru kuma dab da layi suke. Kana jin ƙarar takalmi a jikin ƙwallo, kana jin gola na yi wa 'yan bayansa tsawa, kana ganin gumi na zuba daga haɓar mai jefa ƙwallo, iskar ruwa na kaɗowa ta bayan raga. Ranar da ƙungiyar Arewa ta zo, za ka tarar da 'yan'uwa sun taru gefe guda, masu canji da masu gwari da 'yan acaɓa da mahauta, wani ya ɗaga murya ya ce "Sai Masu Gida!" sauran su amsa, dattijo na gefenka ya taɓa ka ya ce, "Ɗana, matsa mini kaɗan in ga Rabi'u."

Ka sa rigar ƙungiyarka, ba mai hana ka. Amma mu tuna baƙi muke a filin, kuma gobe da waɗannan mutanen za mu yi ciniki a kasuwa. In an ci mu, mu tashi lafiya.

In ban samu zuwa ba, a ina zan kalla? Ikenne kuma tana da nisa?

A kakar 2024/25 StarTimes ce ke nuna zaɓaɓɓun wasanni kowane mako, ƙungiyoyi kuma na sanya sakamako da guntayen bidiyo a shafukansu na Facebook da X. Masu gidajen kallo ba sa kunna wasan gida ne saboda ba a tambaya. In mutum goma suka je tare suka ce wa mai gidan, "Alhaji, a ba mu talabijin ɗaya ranar Lahadi Pillars na wasa," da wuya ya ƙi, kuɗin shiga ɗaya ne.

Ikenne kuwa ba nisa. Ka bi babban titin Legas zuwa Ibadan, ka ratse ta Shagamu, garin na gaba kaɗan, shi ne mahaifar Cif Obafemi Awolowo. Akwai tsohuwar unguwar Hausawa a Sabo da ke Shagamu ga mai neman masallaci da abinci kafin wasa. Abin lura kawai shi ne dawowa: yammacin Lahadi titin kan cushe daga Mowe zuwa Berger, don haka in da hali ku haɗa kuɗi ku ɗauki mota guda, ku kuma fito da zarar alƙali ya hura tashi.